Suna a Abuja, Ƙuri'a a Kebbe: Abin da Siyasar Tambuwal ke Nuna wa Masu Mulki da Masu Magana da Yawunsu

Daren Asabar 23 ga Maris, 2019, Sakkwatawa da yawa da rediyo a kunne suka kwana. An gudanar da zaɓen cike giɓi na kujerar gwamna, sakamako ya iso daga ko'ina, ƙaramar hukuma ɗaya ta rage, ita ce Kebbe. A wannan lokaci Gwamna Aminu Waziri Tambuwal na PDP yana gaban tsohon mataimakinsa, Ahmad Aliyu na APC, da ƙuri'a dubu biyu da 'yan kai. Masu rajista a rumfunan Kebbe da aka soke zaɓensu a zagayen farko kuwa sun ninka wannan tazara sau da dama. Kowane ɓangare yana da dalilin fargaba, kowanne kuma yana da dalilin sa rai.

Da gari ya waye ranar Lahadi, baturiyar zaɓe Farfesa Fatima Batulu Mukhtar ta karanta alƙaluma: Tambuwal 512,002, Ahmad Aliyu 511,660. Ƙuri'a 342 ce tsakani. Kebbe ta cinye mafi yawan tazarar da yake taƙama da ita.

Kebbe ba baƙon wuri ba ce ga Tambuwal, Mutawallen Sakkwato. Ita da ƙaramar hukumar Tambuwal su ne mazaɓar da ya wakilta a Majalisar Wakilai shekara 12 cur, daga 2003 zuwa 2015, huɗu daga ciki yana kan kujerar kakakin majalisa, mutum na huɗu a jerin manyan ƙasa. A waɗannan shekaru da wuya a yi mako guda sunansa bai hau shafin farko na jaridun Legas da Abuja ba. A 2015 ya ci kujerar gwamna da ƙuri'a 647,609, abokin takararsa yana da 269,074. Daga tazarar da ta haura dubu 378 zuwa 342 cikin shekara huɗu, wannan faɗuwa ce da ya kamata duk mai sha'awar shiga siyasa, da duk ɗan jaridar da ke mafarkin zama mai magana da yawun gwamna, ya zauna ya yi mata karatun ta-natsu.

Daga ɗaukar jaka zuwa guduma

An haifi Aminu Waziri ranar 10 ga Janairu, 1966, a gidan Wazirin Tambuwal. Garin yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Jega ta miƙa Yawuri da Kwantagora, kuma tun zamanin jihadi yake da suna, domin nan Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, zuriyarsa ta yaɗu a yankin. Ya karanta shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya gama a 1991, ya zama cikakken lauya a 1992. Akwai abu biyu a farkon rayuwarsa da masu ba da tarihinsa kan tsallake. Na farko, ya riƙe muƙamin jami'in hulɗa da jama'a na ƙungiyar lauyoyi reshen Sakkwato, wato ya san yadda ake rubuta sanarwa da yadda ake bin ɗan jarida tun kafin ya sami wanda zai yi masa. Na biyu, da aka dawo mulkin farar hula a 1999 bai tsaya takara ba. Ya bi Sanata Abdallah Wali zuwa Abuja a matsayin mataimaki kan harkokin majalisa, aikin da matasanmu na yanzu za su kira ɗaukar jaka su raina shi.

A wannan ɗaukar jaka ya koyi dokokin zaman majalisa, ya san wane ne wane, ya ga yadda ake ƙulla magana a bayan fage kafin a fito zaure a kaɗa ƙuri'a. Da ya shigo da kansa a 2003 a ƙarƙashin ANPP, cikin shekara biyu ya zama shugaban marasa rinjaye. Shekara 12 bayan shigarsa majalisa, mutumin da ya kayar a zaɓen gwamna shi ne dai Abdallah Wali, tsohon maigidansa.

Ranar 6 ga Yuni, 2011, ƙasa ta san shi. PDP ta ware kujerar kakaki ga yankin Yarbawa, fadar Shugaba Jonathan tana bayan Mulikat Akande-Adeola daga Oyo. Tambuwal ya ƙi janyewa. Jaridun lokacin sun ruwaito cewa ya ajiye babbar riga, ya shiga harabar majalisa cikin kwat da hular Turawa don kada a tare shi a hanya. Ya sami ƙuri'a 252, Mulikat ta sami 90. Waɗannan 252 ba daga sama suka faɗo ba. Sun haɗa da 'yan ACN na Tinubu da 'yan CPC da 'yan PDP daga kudu maso gabas, inda mataimakinsa Emeka Ihedioha ya fito. Mutum ne mai yawan ziyara, mai halartar ɗaurin aure da jana'iza a Owerri kamar yadda yake halarta a Dogon Daji, kuma ranar biyan bukata zumuncin ya yi masa rana.

Bakin da ke bayan kakaki

A nan ne wani mutum ya shigo labarin, wanda ba a zaɓe shi ko kansila ba, amma duk editan siyasa a Najeriya yana da lambarsa. Imam Imam ba Basakkwace ba ne. Ɗan jarida ne da ya yi wa ThisDay aiki har ya kai editan siyasa, sannan a 2011 ya ajiye ya zama mai ba kakakin majalisa shawara kan yaɗa labarai. Ya bi shi zuwa gidan gwamnatin Sakkwato a 2015, yana kan wannan aiki har Allah ya karɓi ransa a Abuja ranar 27 ga Afrilu, 2018, yana da shekara 41.

Wanda ya karanta ta'aziyyar da abokan aikinsa suka rubuta zai ga abu ɗaya suke ta nanatawa: ana samunsa. Wannan kamar ƙaramin yabo ne, sai ga wanda ya taɓa zama a ɗakin labarai da ƙarfe tara na dare, shafi yana jira, edita yana tsaye a kai, ana ta kiran mai magana da yawun wani babba wayar tana ringin ba a ɗauka. Ɗan jaridar da aka yi wa haka zai rubuta cewa ƙoƙarin jin ta bakinsu ya ci tura, gobe labari ya fito da ƙafa ɗaya, maigida ya tashi da safe yana faɗa. Wanda ya ɗauki waya, ko da abin da zai ce shi ne "ba ni minti goma in tambayo", ya riga ya sami gurbi a cikin labarin. Rabin wannan sana'a ke nan.

Ɗaya rabin ya fi wuya, kuma ba a ganinsa a takarda. Mai magana da yawun shugaba yana da iyayen gida biyu: wanda ke biyansa albashi, da tsofaffin abokan aikinsa waɗanda amincewarsu ce jarinsa. Ranar da ya yi wa na biyun ƙarya don ya faranta wa na farko, ya gama amfani ga dukkansu, domin sanarwarsa ta gaba ba wanda zai buga ba tare da shakka ba. Saboda haka dole ya zama mai iya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan magana ba za ta karɓu ba, a sake shawara." Wanda bai da wannan dama a wurin maigidansa, ba mai ba da shawara ba ne, mai raba takarda ne. Kuma maigidan da bai jure jin haka, komai ƙwarewar wanda ya ɗauka, asarar albashi yake yi.

An gwada wannan haɗi tun shekarar farko. Ranar 1 ga Janairu, 2012, gwamnati ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Majalisar Wakilai ta katse hutu ta zauna ranar Lahadi 8 ga wata, abin da ba a saba ba, ta nemi a mai da farashi yadda yake, sannan ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Faruk Lawan na Kano. Aka riƙa nuna zaman kwamitin kai tsaye a talabijin, talakawa suka ji biliyoyin da ake biya a kan man da bai shigo ƙasa ba. Majalisa ta yi farin jinin da ba ta taɓa yi ba. Sai a watan Yuni maganar zargin cin hancin dala 620,000 tsakanin Faruk Lawan da attajiri Femi Otedola ta fashe. Da an bi al'ada, da sai a yi ta musu ana cewa sharrin maƙiya ne. Majalisar ta kira zaman gaggawa, ta sauke shi daga shugabancin kwamitin, ta ce rahoton yana nan daram. A ganina wannan mataki ne ya ceci sunan kakakin, domin ya raba laifin mutum ɗaya da aikin majalisa tun kafin abokan hamayya su haɗa masa su wuri guda.

Sai 2014. Ranar 28 ga Oktoba ya bayyana sauya sheƙa zuwa APC yana kan kujera, ya ɗage zama nan take. Cikin kwana biyu muƙaddashin Sufeto Janar Suleiman Abba ya janye masa 'yan sandan da ke tsaronsa. Ranar 20 ga Nuwamba majalisa ta dawo don duba bukatar tsawaita dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, sai aka tarar an garƙame ƙofa. Abin da ya biyo baya duk wanda ya gani ba zai manta ba: 'yan majalisa, wasu da furfura, sun naɗe babbar riga a kafaɗa suna kama ƙarfe suna haurawa, takalma na zamewa, huluna na faɗuwa, 'yan sanda na harba barkonon tsohuwa har cikin zauren shiga. Abokansa suka kewaye shi suka tura shi ciki ta ƙaramar ƙofa. Shugaban Majalisar Dattawa David Mark ya rufe majalisar baki ɗaya. Kafin la'asar hotunan sun zagaye duniya, kuma gwamnatin tarayya da hannunta ta ba shi abin da ba kamfanin talla da zai iya saya masa: siffar wanda aka zalunta ya ƙi durƙusawa.

Inda jarida ba ta kaiwa

To, me ya faru tsakanin wannan rana da daren Kebbe?

Gaskiyar da magoya baya ba sa son ji ita ce, ƙuri'a 647,609 ta 2015 masu ita uku ne. Akwai sunan Tambuwal. Akwai guguwar Buhari, wadda a shekarar ta ɗauki kowa a Arewa. Akwai kuma Aliyu Magatakarda Wamakko, Alu, gwamna mai barin gado, wanda ya san shugabannin jam'iyya na mazaɓu da sunayensu, ƙofar gidansa kuma ba ta rabuwa da jama'a. Ranar 1 ga Agusta, 2018, wata uku da rasuwar Imam, Tambuwal ya koma PDP, ya bar biyu daga cikin ukun a baya. A Fatakwal cikin Oktoba ya nemi tikitin shugaban ƙasa ya zo na biyu da ƙuri'a 693, Atiku yana da 1,532. Ya dawo gida ya tarar mataimakinsa ne abokin karawarsa.

Magoya bayansa suna cewa, mutumin da ya tsaya shi kaɗai gaban Buhari da Alu ya tsira, ko da ƙuri'a ɗaya ce, jarumi ne. Suna da hujja, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerar a Janairun 2020. Mutanen Alu suna cewa butulci ne ya kusa cin mai shi. Abin da ya fi damuna ba rigimarsu ba ce. Shekarun da aka yi ana buga hotonsa a Legas, da yabon da ya sha a kan dokar ta-ɓaci da ya sa wa harkar ilimi a 2015, ba su sauka a akwatunan ƙauyuka yadda aka zata ba. Yabon jarida a ƙasarmu kamar yayyafi ne a kan fako, yana jiƙa sama amma bai kai ga saiwa.

Dalili a fili yake. Mai noman albasa a fadamar Tambuwal da mai kiwo a dajin Kebbe ba sa karanta ThisDay. Je ka teburin mai shayi bayan sallar isha'i ka ga inda ake yanke wa ɗan siyasa hukunci. Rediyo na rataye a ƙusa, an ɗaure bayansa da roba don kada batir ya zube. Ƙarfe takwas da rabi ana jin Landan, kowa ya yi tsit. In an sako muryar wani babba daga jihar, wanda ya iso a makare zai tambaya, "Mi yac ce?" Sai a maimaita masa, kowa da irin gishirin da zai ƙara. Daga nan a murɗa zuwa gidan rediyon Rima ko ɗaya daga cikin tashoshin FM na Sakkwato, a ji martani. Bayan an kashe rediyo ake shiga ainihin shari'ar, kuma tambayoyinta ba su canzawa: da aka yi mana rasuwa ya zo? Takin da aka ce an kawo, wa ya gani? In ka je gidansa ana barinka ka shiga? Wanda ya faɗi a waɗannan tambayoyi, ko ya iya Turanci kamar Sarauniya, ya faɗi.

Shi kansa Tambuwal ya san haka. A Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga, ta Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi wa jama'a bayani. Ranar da waya ta mutu, Facebook da WhatsApp suka bi ta, rediyo ne kaɗai ya rage tsakanin gwamna da talakawansa.

Ba yau wannan yanki ya fara ganin irin haka ba. Ibrahim Dasuki, wanda aka haifa a Dogon Daji cikin ƙasar Tambuwal a 1923, shi ma ta ƙofar ɗab'i ya fito. Daga 1945 zuwa 1953 yana aiki a kamfanin Gaskiya da ke Zariya, gidan da ke buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, a zamanin da Abubakar Imam ke jan ragamarta. Daga can ya zama sakataren Sardauna, ya yi aikin jakadanci, ya zama babban sakatare, ya shugabanci hukumar jiragen ƙasa, ya jagoranci kwamitin gyaran ƙananan hukumomi na 1984, ya riƙe Jama'atu Nasril Islam. Da wuya a sami ɗan Arewa na zamaninsa da ya fi shi sanin manya a ciki da wajen ƙasa. Amma da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu a Nuwamban 1988 aka ba Dasuki sarauta, alhali jama'ar gari sun sa rai ga Muhammadu Maccido, Sakkwato ta kama da wuta, aka yi kwanaki ana tarzoma, aka rasa rayuka. Ya yi kusan shekara takwas yana aiki tuƙuru, ya gina makarantu, ya ɗaga martabar fadar. Duk da haka, da gwamnatin Abacha ta sauke shi a Afrilun 1996, birnin da ya yi bore ranar naɗinsa bai yi bore ranar fitarsa ba. Allah ya jiƙansa. Sanin manya ya kai shi gadon sarauta, amma ba shi ke tsare mutum a kai ba.

Kwatanta da maƙwabcinsu Shehu Shagari, malamin makaranta da aka zaɓa zuwa majalisar tarayya a 1954. Bayan juyin mulkin 1966, tsohon minista guda ya koma gida ya shiga aikin gina makarantu da hidimar En'e. Lokacin da NPN ta zo fid da ɗan takara a 1978, cikin waɗanda ya kayar har da Adamu Ciroma, tsohon editan New Nigerian kuma tsohon gwamnan Babban Banki, mutumin da alƙalaminsa ya yi masa suna tun yana saurayi. Da ɗan gari akan ci gari.

Sojojin baka da 'yan data

Tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, tashoshi masu zaman kansu suka bazu a Arewa, wata sabuwar sana'a ta tsiro. Ɗan siyasa ya sayi fili, ya turo yaronsa mai kaifin harshe, a ba shi minti biyu ko uku ya yabi ubangida ya yi wa abokin hamayya habaici. Su ake kira sojojin baka. Kada a raina su. Da yawansu sun fi masu digiri sanin abin da ke ci wa talaka tuwo a ƙwarya, suna da karin magana da salon da ke sa tsoho ya ajiye kofin shayi ya saurara. Sun gaji wani abu daga makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, waɗanda suka san zuga da zambo tun kafin a san makirfo.

Matsalar ita ce mai sauraro ya waye. Ya san an biya. Ya ji wannan murya bara tana rantsuwa a kan wani, bana tana tsine masa. Don haka yana jin sojan baka ne don nishaɗi, ba don ya yanke shawara ba. In kuma abin ya zarce zuwa cin mutuncin iyaye da tonon asirin iyali, sai hukuma ta sami hanyar shigowa, kamar yadda gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye a 2025. Wannan magani ya fi cutar muni, domin shirin kai tsaye shi ne kaɗai wurin da talaka ke iya bugo waya ya yi wa mai mulki tambayar da ba a tace ba.

Ƙannensu su ne 'yan soshiyal midiya. A Tambuwal, a Yabo, a Bodinga, kowane ɗan majalisa da shugaban ƙaramar hukuma yana da rundunar matasa da ake tura wa kuɗin data su yi ta ɗora hotonsa. Ina jin tausayin waɗannan yara, domin akwai masu basira ƙwarai a cikinsu, masu iya rubutu da ɗaukar hoto da haɗa bidiyo, kuma ba wani aikin da aka tanadar musu. Amma ya kamata wani ya gaya musu gaskiya. Zagin da aka yi a rediyo iska na iya tafiya da shi, wanda aka rubuta a Facebook yana nan ana ajiye hotonsa. Manyan da ake yi dominsu gobe za su shirya, a gan su a sahu ɗaya wurin ɗaurin aure. Tambuwal kansa ya zauna a ANPP da DPP da PDP da APC, ya sake komawa PDP. Yaron da ya zagi dattijon unguwarsu saboda ɗayan waɗannan tutoci, shi za a bari da kunya. Ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha amfani da shi wajen kama masu rubutu, kuma ko bayan gyaran da aka yi masa a 2024 ba a daina ba. In an zo kamu, ba ubangida ake sa wa ankwa ba.

Matashin da ke son ya daɗe a wannan fage, hanyar da Imam Imam ya bi tana nan a buɗe, sai dai tana da tsawo. Ya fara zama ɗan jarida na gaske, ya je kotu ya je asibiti ya je kasuwa, ya koyi tantance labari kafin ya sake shi, ya tara mutanen da suka yarda da maganarsa. Wannan yarda ita ɗan siyasa ke saya in ya ɗauke shi aiki. Garba Shehu sai da ya yi editan Triumph a Kano ya shugabanci ƙungiyar editoci ta ƙasa kafin ya yi magana da yawun Atiku, daga baya Buhari. Mai son tsayawa takara kuma, dokar da aka sa wa hannu a 2018 ta rage shekarun shiga Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25. Ƙofa ta buɗe, amma ba ta ɗauke wa kowa wahalar zaga ƙauyuka ba.

Minti biyu a kan mumbari

Daren 28 ga Mayu, 2022, a filin wasa na Abuja, 'yan takarar shugaban ƙasa na PDP sun gama jawabi, sai Tambuwal ya nemi a sake ba shi makirfo. Ya ce ya janye, ya umarci wakilansa su zaɓi Atiku. Atiku ya sami 371, Nyesom Wike 237. Shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu ya kira shi gwarzon taron. Wike, wanda ya tsaya masa a Fatakwal a 2018, bai yafe ba. Ya ja gwamnoni huɗu suka juya wa jam'iyya baya, PDP ta faɗi zaɓen 2023. A Sakkwato, Ahmad Aliyu ya kayar da Sa'idu Umar, ɗan takarar da Tambuwal ya tsayar, da ƙuri'a 453,661 a kan 404,632. Shi kuma Mutawalle sai da aka sake zuwa zaɓen cike giɓi a watan Afrilu kafin ya sami kujerar Sanatan Sakkwato ta Kudu, da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu uku ba.

Hukuncina a kansa shi ne, a iya karanta lokaci da iya amfani da idon duniya, kaɗan ne suka kai shi a zamaninsa. Shekara 20 da ɗoriya bai taɓa faɗuwa babban zaɓen da sunansa ke kan takarda ba, kuma ba a san shi da ashar ko zagin abokin hamayya a bainar jama'a ba, abin da ya bar masa ƙofofi a buɗe a kowace jam'iyya. Amma sau biyu a jere gida yana ba shi nasara da ƙyar, kuma wannan ma magana ce da jama'a suka faɗa da babbar murya.

Yau abin da ke gaban mutanen Kebbe da Tureta da ƙauyukan Tambuwal ya wuce wa ya sauya sheƙa. 'Yan bindiga sun hana noma a wurare da dama, an tashi garuruwa, taki ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. Ga zaɓen 2027 yana matsowa, za a sake sayen filaye a rediyo, a sake raba data. Kirana ga gidan rediyon Rima da tashoshin FM na Sakkwato shi ne su ware sa'a guda a kowane wata wadda ba ta sayarwa ba ce, su gayyato sanata da ɗan majalisar tarayya da 'yan majalisar jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, kowa ya zo da kansa ba wakili ba, a buɗe layi kai tsaye. A bar mutumin Kuchi da na Sanyinna da na Jabo da na Dogon Daji su yi tambaya da bakinsu. Wanda aka gayyata ya ƙi zuwa, a faɗi sunansa a iska kafin a rufe shirin.